Dogon Hutu da Haƙoran Yara: Me Uwa Za Ta Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Ya'yana huɗu ne: babbar shekararta 11, mai bi mata 7, sai mai 5, autan kuma shekara 2 da rabi. Lokacin makaranta ba sa fita sai sun goge baki. Amma da zarar an ba da dogon hutu sai komai ya watse, a tashi a makare, a wuni ana ciye-ciye, rabin hutun kuma a ƙauye suke yin sa wurin kakarsu. Bara mai shekara 7 ɗin ya dawo da kumburarren kunci, muka ba shi magani kumburin ya sace. Me zan yi bana? Kuma asuwaki kaɗai ya wadatar a can ƙauyen?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Kin ce ba sa fita makaranta sai sun goge baki, amma ba ki ambaci dare ba. In haka ne, ko a lokacin karatu sau ɗaya suke gogewa, kuma wadda suke bari ita ce mafi muhimmanci. Abin da ya rufa musu asiri a watannin karatu shi ne ita kanta makarantar, domin tana tsare bakin yaro. Daga shiga aji sai an fita tara zai ci wani abu, daga nan sai an tashi, da yamma kuma ga Islamiyya. Bakinsa yana samun awanni ba abin da ya shiga. Wannan tsarin ne hutu yake rushewa, kuma shi ya kamata ki maye gurbinsa a gida.

Ga dalili. A jikin haƙoran kowa akwai wani farin danƙo da ke taruwa, wanda in kika kankara da farce za ki gan shi. Cike yake da ƙwayoyin cuta, fitacciya a cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Sukari ne abincinsu, in sun ci kuma sai su fitar da asid, wato wani ruwa mai tsami, shi ne yake narkar da ɓawon haƙori a hankali har ya yi kogo. Babu wata tsutsa a ciki, duk abin da masu cire tsutsar haƙori a kasuwa suke nuna wa mutane a kan farin ƙyalle da shi suka zo. A shekarun 1940 wani likita Ba'amurke, Robert Stephan, ya auna abin da ke faruwa a wannan danƙo bayan an kurkure baki da ruwan sukari. Cikin 'yan mintoci tsami yake wuce matakin da ɓawon haƙori ke fara narkewa, wato wajen 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, sannan yawu ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya kashe tsamin ya fara mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Kin ga ke nan kowane ɗanɗanon zaƙi, ko da alewar naira hamsin ce, yana jawo wa haƙori kusan rabin awa na zaizaya. Katangar ƙasa takan jure ruwan sama mai ƙarfi in rana ta fito ta busar da ita. Markar Agusta, yayyafin da ba ya ɗaukewa, ita ke kayar da ita.

An taɓa gwada wannan a kan mutane ta hanyar da yau ba wanda zai yarda a yi. Daga 1945 zuwa 1955, a asibitin Vipeholm da ke birnin Lund a ƙasar Suwidin, an riƙa ba masu lalurar ƙwaƙwalwa sukari ta hanyoyi daban-daban don a ga me zai faru da haƙoransu. Waɗanda aka haɗa musu shi da abinci haƙoransu ba su lalace sosai ba. Waɗanda aka ba alewa mai danƙo su riƙa ci tsakanin abinci, wasu har guda 24 a rana, haƙoransu suka ruɓe ƙwarai. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah da ba su san me ake yi da su ba, amma daga nan mutanen ƙasar suka ɗauki al'adar da suke kai har yau: yara su sha alewa ranar Asabar kaɗai, su sha iya son ransu, sauran kwanaki kuma a haƙura.

Yanzu ki zauna ki lissafa wunin ɗanki guda na hutu. Shayi mai sukari cokali uku da burodi wajen ƙarfe 10. Kafin azahar mai tallan gullisuwa ta leƙo, an saya. Bayan abincin rana ga zoɓo mai ƙanƙara. La'asar babansu ko wani kawu ya ba da canji, an ruga shago an sayo biskit da cingam. Magariba iloka ko tuwon madara daga maƙwabta, dare kuma kunun zaƙi ko ragowar lemon da baƙi suka bari. Sau shida ko bakwai ke nan, wata ran ma fiye. Zoɓon nan na leda ya fi ba ni tsoro a cikinsu. Ki lura da yadda yaro yake shan sa: ya huda kusurwar ledar da haƙoran gaba, ya maƙale ta a nan, yana wasa yana tsotsa, ƙanƙarar tana narkewa kaɗan-kaɗan, sai ya yi minti arba'in bai gama ba. Zoɓo da kansa mai tsami ne tun kafin a zuba masa sukari, haka tsamiya da lemon kwalba. Tsamin yana cin ɓawon kai tsaye, sukarin kuma yana ciyar da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa muke ganin yara da haƙoran gaba na sama sun yi fari fat kamar alli a gindinsu kusa da dasashi, daga baya wurin ya koma ruwan ƙasa ya ɓurme.

Ba zan ce ki hana su zaƙi ba, don ba zai yiwu ba, kuma yaron da aka hana a gida a waje zai sha. Ki tattara zaƙin wuri ɗaya. Duk abin da aka sayo ko aka kawo tsaraba a ajiye shi, a ci bayan abincin rana, a zaune, a gama a lokaci guda, a bi da ruwa. Zoɓo a juye a kofi a shanye. Yaron da ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan tuwo ya fi wanda ya rarraba biyu daga safe zuwa yamma lafiyar haƙori. Game da yawa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a rana, in da hali ma kashi 5. Ga babban mutum kashi 10 ɗin bai wuce giram 50 ba, wajen ƙaramin cokali 12, na yaro kuwa bai kai haka ba. Lemon kwalba guda mai 35cl yana ɗauke da kimanin giram 35. Ɗanki mai shekara 5 in ya shanye ɗaya ya gama da rabonsa na ranar.

Tsakanin abinci in yunwa ta taso, damina ba ta rasa abin taunawa. Ga gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa, yalo, goba, kokwamba, awara, dafaffen ƙwai, nono ko kindirmo da ba a cika wa sukari ba. Autan dai kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, saboda shaƙewa. Abin sha kuma ruwa. Wannan ya ƙara muhimmanci a bazara, lokacin da zafi ke busar da baki yawu ya yi ƙaranci, yara kuma su wuni suna neman abin sanyi. A hana su tauna ƙanƙara da buɗe kwalba da haƙori, ɓawon haƙori yana da tauri amma yana tsagewa.

Sai gogewar dare. In mutum ya yi barci yawunsa yana raguwa ƙwarai, don haka duk abin da ya kwana a kan haƙori ya samu awa takwas ko tara ba mai wanke shi. Kada ki ɗaura gogewar da agogo ko da lokacin barci, don a hutu yaro a gaban talabijin ko a kan tabarmar tsakar gida barci yake sace shi, sai dai a ɗauke shi a kai ɗaki. Ki ɗaura ta da abin da hutu ba ya taɓawa, wato salla. Da an idar da Isha'i an ci abincin dare, kowa ya ɗauki burushinsa, daga nan an rufe baki, ba abin da zai sake shiga sai ruwa. Ta safe kuma a yi ta da Asuba ko da zarar an tashi, ko da ƙarfe 10 ne. Ke da Alhaji ku riƙa goge naku a gabansu a lokacin, ya fi faɗa aiki.

Minti biyu ake so, da burushi mai laushi mai ƙaramin kai, a karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, a bi waje da ciki da saman turame. Babbar za ta iya da kanta. Mai shekara 7 ya goge ki duba ki ƙarasa masa. Mai 5 da autan ke za ki goge musu, don hannun yaro ba ya ƙwarewa sai wajen shekara 7 zuwa 8. Autan ki zauna ki kwantar da kansa a cinyarki yana kallon sama, ki ɗaga leɓensa na sama da yatsa ki goge gindin haƙoran gaba, nan ne ruɓewa take farawa. Zai yi kuka kwanakin farko, ki daure, in ya buɗe baki yana kukan ma kin fi ganin ciki. In har yanzu yana kwana da fida mai shayi ko madara mai sukari, a raba shi da ita a wannan hutun.

Makilin kuma ki juya bayan kwalinsa ki karanta. Ki nemi kalmar fluoride da lamba tsakanin 1000 da 1500 ppm. Tsada ko ƙamshi ko hoton da ke jiki ba su ne magana ba. Sinadarin fuloraid shi ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga tsami, kuma saboda amfaninsa ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai ɗauke da shi a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Bayan an goge a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa. Na san wannan zai yi miki banbaraƙwai, mun saba da cika baki da ruwan buta, amma kurkurewar tana wanke maganin da aka sa. In sun sha zoɓo ko lemo kuma, a kurkure da ruwa a jira rabin awa kafin a sa burushi, don ɓawon yana da laushi a lokacin.

Akwai wuraren da fuloraid ɗin ya yi yawa a ruwan ƙasa, ya wuce miligiram 1.5 a lita da hukumar ta ƙayyade. An san yankunan Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato da haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa saboda haka, a Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya lalata haƙoran dubban yara, wasu har da ƙasusuwansu. In kin ga yawancin waɗanda suka tashi a ƙauyenku haƙoransu haka suke, ki nema wa ƙananan wani ruwan sha, tafasawa ba ta cire shi, kuma ki tabbata ba sa haɗiye makilin.

Batun asuwaki, ni ba na raina shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Wanda ya iya shi, ya tauna bakin ya yi laushi, ya bi haƙori ɗaya-ɗaya ciki da waje, yana fitar da danƙon nan sosai, ko na itacen arak ne da alhazai ke kawowa, ko darbejiya, ko marke. Matsalar ita ce yawancin yara tauna shi kawai suke yi suna yawo, su goge haƙoran gaba huɗu su jefar, bayan turame kuwa sandar ba ta lanƙwasa ta kai. Kuma ba ya ba da fuloraid gwargwadon da makilin ke bayarwa. Don haka asuwaki da rana, bayan abinci da lokutan salla. Burushi da makilin safe da dare. Gawayi, toka da gishiri kuwa a bar su, suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare ɓawon, shi kuma ba ya tsirowa.

Gidan kaka sai da dabara. Tsohuwar da ta shekara tana jiran mai gidanta da kishiyoyinta su zo hutu, ta tanadi mazarƙwaila da alkaki da nakiya, ba za ki aika mata da doka ba. In mahaifiyarki ce ki lallaɓa ta. In surukarki ce kada maganar ta fito daga bakinki, ki bar Alhaji ya faɗa, kuma ya faɗa a matsayin umarnin likita saboda kumburin bara, wanda ita ma ta gani da idonta. Roƙo ɗaya za a yi mata: duk abin da za ta ba su ta ba su bayan tuwo, kada a ba su da dare bayan sun goge. Wannan ba ya hana ta shagwaɓa jikokinta, don haka da wuya ta ƙi. Ki haɗa wa kowane yaro burushinsa mai launi daban, da makilin babba guda, ki damƙa wa babbar amanar ƙannenta. In kina kiran waya ki riƙa kira bayan Isha'i ki tambaya ko an goge. Ki ja kunnensu kada su yi aron burushi da 'yan'uwansu na can, kuma kada a ƙulle shi a leda, a damina ba ya bushewa sai ya yi funfuna; a tsayar da shi a kofi inda iska ke shiga. Burushin da ya kai wata uku, ko bakinsa ya baje, a sauya shi.

Wani abu da hutu ke kawowa shi ne faɗuwa: ƙwallo, keke, hawan bishiya, santsin tsakar gida. Ki koya wa babbar da wani babba a gidan kaka wannan. In haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu in ya yi datti ba tare da gogewa ba, a mayar da shi raminsa nan take, yaron ya ciji tsaftataccen ƙyalle, a nufi asibiti. In an kasa mayarwa a saka shi a madara, ba nono mai tsami ba, ko yaron ya tofa yawunsa a ƙaramin kofi a saka a ciki. Kada a naɗe shi a takarda ko a jiƙa a ruwa. Abin da ake tsere da shi awa ɗaya ne, mintocin farko sun fi kowanne daraja. Haƙorin nono kuwa in ya fita ba a mayar da shi, don kada a raunata na dindindin da ke ƙarƙashi.

Tunda ƙauye za su, damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da ƙarewar hatsi a rumbu, ki san alamun cutar da ke cin naman baki da fuska, wadda ake kira noma, ko ba don naki ba don 'ya'yan maƙwabta. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa da dasashi mai jini da gyambo, wari mai tsanani, dalalar yawu, sai kunci ya kumbura, cikin kwanaki naman ya yi baƙi ya ɓule. Yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta. Haka nan in gudawa ta kama yaro kada a bari mai kemis ya ba ɗan ƙasa da shekara 8 kafson tetracycline, yana rina haƙoran da ke cikin dasashi rinin da ba ya fita.

Na bar maganar mai shekara 7 a ƙarshe don ita ce ta gaggawa. In daga haƙori ne, kunci ba ya kumbura sai ruɓewa ta kai ga jijiyar haƙori ta kashe ta, mugunya ta taru a gindin saiwa. Maganin da kuka ba shi ya kwantar da kumburin, amma haƙorin yana nan da cutarsa. Rashin ciwo ba waraka ba ne, mataccen haƙori ba ya jin zafi. Yau da rana ki fitar da shi haske ki duba dasashin gefen, mai yiwuwa ki ga ɗan ƙurji da ke fashewa yana dawowa. Kada kuma ki ce ai na nono ne zai yi famfara. Turamen nono sai shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, mugunyar da ke gindinsu tana iya ɓata na dindindin da ke tasowa. Sannan a wajen shekara 6 akwai turmi na dindindin da ke fitowa can baya, sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne su ƙyale shi ya ruɓe, alhali shi yaro zai yi tauna da shi har tsufa. Ki ƙirga daga tsakiya: haƙori na shida a kowane gefe shi ne.

Ki kai su duka huɗun wurin likitan haƙori a makon farko na hutu, kafin tafiya ƙauye. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Maiduguri suna da sashen haƙori, haka manyan asibitocin jiha da dama. Ki tambaya ko za a iya shafe ramukan saman sababbin turamen nan da abin toshewa, aiki ne na 'yan mintoci ba allura. In ciwon ya motsa kafin ku je, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ya kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Kada a danna asfirin a jikin dasashi, yana ƙona wurin, kuma ba a ba yara shi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa kuwa guba ne. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, ba ya warkarwa. In kumburi ya dawo da zazzaɓi, ko ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, ko yaron ya kasa buɗe baki ko haɗiya, a tafi asibiti a daren, ko daga ƙauyen ne.